Ƙasim da Ajiyar Mutane

Ƙasim taubashina ne, ɗan kawuna Malam Nata'ala, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara nake tsokanarsa, ga shi mun haura talatin da biyar ban daina ba, sai dai a 'yan shekarun nan tsokanar ta rage daɗi, don wanda ake tsokanar ya gaji. In ka gan shi a bakin kasuwar Gwarzo, dogo siriri, da jakar kwamfuta a rataye har kafaɗarsa ɗaya ta karkace, ba za ka ce shi ne ya yi wa shaguna da makarantun yankin nan shafukansu na intanet ba. Za ka ɗauka mai karanta mitar wuta ne da aka sallama daga aiki.

Gidan Kawu gidan karatu ne tun kakanni. Amma in ka tambayi mutumin Getso ko na Lakwaya abin da ya san gidan da shi, ba karatun zai fara ambata ba, ajiya zai ce. Mai tafiya aikin hajji ya kawo takardun gonarsa, magada su kawo zinaren uwarsu kafin a zauna rabo, wani ya kawo wasiyyar da ba ya so 'ya'yansa su gani yana raye. Abin yana da ƙa'idojinsa, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta su. Ba a karɓar ko sisi a kan ajiya. Ba a tambayar mai ita yaushe zai zo. Ba a kuma mayar masa da ita sai ya tako da ƙafarsa ya nema, domin ka aika wa mutum ajiyarsa bai tambaya ba daidai yake da ka ce masa ka gama da shi. Daga kakan Kawu zuwa Kawu ba a taɓa cewa wani abu ya ɓata a gidan ba. Kawu ba shi da mota, ba shi da bene, wannan sunan shi ne dukiyarsa. Ƙasim kuwa shi ne babban ɗa namiji, kowa ya san hannunsa abin zai koma, kuma abin da yake tsoro a duniya ɗaya ne: kada sunan ya zube a hannunsa.

Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara sha huɗu, ya yi boko, ya tafi Kano ya yi difloma a kan kwamfuta. Ya yi shekara uku yana buga wa mutane takardu a wani shago, a nan ya koya wa kansa haɗa shafin intanet, in babu kwastoma. Da hayar ɗaki a birni ta fi ƙarfinsa ya tattaro ya dawo gida. Kawu tambaya ɗaya ya yi masa, ko sana'ar halal ce. Ya ce halal ce. Shi ke nan, aka sa albarka, aka yi masa aure, ya zo ya kafa teburi a kusurwar shagona. Ni taki da iri da maganin feshi nake sayarwa, kuma ina da sola, abin da ya kawo shi ke nan, ba son ganin fuskata ba.

A iya aiki dai ba a magana. Matsalarsa bakinsa. Kalma biyu ce ta kusa kashe shi, "ba komai". Mai kemis ya ce a canza launin shafi karo na takwas, ba komai. Ɗan takara ya ce a yi aiki, in an ci zaɓe za a gan shi, ba komai. Na sha gaya masa in ya mutu za mu rubuta kalmar a allon kabarinsa, sai ya yi murmushi ya ci gaba da danne-dannensa.

Sai na ɗan yi bayanin wani abu a nan, yadda shi ma ya yi mini, don a kansa labarin yake. Adireshin shafi, wato sunan da mutum zai rubuta a waya shafin ya buɗe, ba sayensa ake yi ba. Haya ce, duk shekara sai an sabunta, kuma irin wanda mutanenmu suke so da dala ake biya. Wanda ya yi rajistarsa shi ke riƙe da kalmar sirrin shiga. In Ƙasim ya gama aiki yakan rubuta kalmar a takarda ya miƙa wa mai shafi, a kan nan gaba a mayar da rajistar sunansa. Sai mutum ya ja hannunsa baya kamar an miƙa masa garwashi, ya ce haba ɗan Malam, ina ya fi gidanku, riƙe a wajenka. Da Ƙasim ya ji an ambaci gidansu, magana ta ƙare. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Shekara ta zagayo, kuɗin sabuntawar a lokacin bai taka kara ya karya ba, ya ga biya daga aljihunsa ya fi masa sauƙi a kan ya je ya tsaya gaban dattijo yana neman kuɗi a kan ajiya. A haka a haka adireshi ashirin da uku suka taru a sunansa. Nawa na ciki.

Shekarar da aka cire tallafin mai, komai ya tashi, mutane suka koma lissafin kwanon masara, ba mai zancen shafi. A lokacin ne wata ƙungiya ta buɗe shiri na haɗa masu ƙananan sana'o'i da gogaggun 'yan kasuwa, su riƙa ba su shawara na wata shida. Ƙasim ya cike fom, ba don ya sa rai ba. Aka haɗa shi da wata Hajiya Badi'a, wadda ta shekara ashirin da biyar tana riƙe da maɗaba'a a Kano, tana buga littattafan makaranta da kalanda. Ran farko ta gaya masa ita ba ta san yadda ake haɗa shafi ba, kuma ba ta da niyyar koya a wannan shekarun, amma ta san yadda mai sana'a yake talauta kansa yana aiki ba dare ba rana. An tsara ya riƙa zuwa Kano sau ɗaya a wata. Sau biyu ya je, kuɗin mota ya kayar da shi, suka koma waya duk Asabar da hantsi. A ƙofar shagona sabis ya fi kyau, wayarsa kuma sai an buɗe murya ake ji, don haka ni ma na sha karatun kyauta ina auna wa mutane taki.

Matar nan ba ta da wasa. Ta sa shi ya ba ta labarin mako guda, tun daga Asabar har Juma'a, abin da ya yi kowace rana. Da ya gama ta ce masa kwana huɗu ya yi wa mai kemis bauta, kwana biyu ya yi jiran wuta, kwana ɗaya ya yi sana'a. Ta ce daga yau kafin ya taɓa kwamfuta ya rubuta abin da mai aiki yake so a takarda ɗaya, ya karanta masa da baki a gaban mutum guda, tun da mutanenmu ba sa son karatu amma suna jin kunyar shaida. Gyara sau biyu, na uku sabon aiki ne. Ta hana shi aikin in-an-ci-zaɓe. Wata Asabar ta tambaye shi wace irin waya masu buɗe shafukan nan suke riƙewa, kuma datar nawa suke saya. Bai taɓa tunanin haka ba. Ya koma ya sauke wa shafukansa nauyi, ya cire manyan hotunan da yake alfahari da su, sai ga shafi yana buɗewa a ƙauye da sabis sanda ɗaya. Kalmar nan tasa ta "ba komai" kuwa, ta ce duk ranar da ta ji ta a bakinsa za ta kashe waya. Sau ɗaya ta kashe, ya yi ta kira tana ƙin ɗauka har la'asar.

Abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. A tsakiyar tsadar nan Ƙasim ya ɗan yi kumatu. Na ce masa ashe ba kuɗi ya rasa ba, uwar da za ta yi masa tsawa ya rasa.

A wata na huɗu ne suka zo kan adireshi. Ta tambaye shi kamar a wasa, sunan wa ke kan rajistar shafukan da ya yi. Ya ce nasa. Guda nawa? Ya faɗa. Wa ke biyan sabuntawa? Nan ya fara kame-kame, ya ce ai masu shafukan ne suka ce ya ajiye musu. Na ji ta ja dogon numfashi.

"Malam Ƙasim, takardar gona za ta yi shekara talatin a akwatin mahaifinka ba ta ci komai ba. Wannan da ka riƙe, duk shekara sai an ciyar da ita, kuma da dala. Ka mayar wa kowa abinsa."

"Hajiya, a gidanmu ba a mayar da ajiya."

"To ka gaya musu tana da kuɗin haya, su riƙa kawowa."

"Ba a karɓar kuɗi a kan ajiya, Hajiya."

Na zaci za ta yi masa dariya ko ta wanke shi tas yadda ta saba. Ba ta yi ba. Bakanuwa ce, ta san gidaje irin nasu, ta ce ita ma takardun filin mahaifinta a gidan wani malami suka kwana shekara da shekaru. Sai ta sassauta murya ta ce ba ta ce ya karya al'adar gidansu ba, tana so ne ya gane wannan ba ajiya ba ce, sana'a ce aka sa mata rigar ajiya, kuma ranar da ya kasa ɗauka ba shi kaɗai zai faɗi ba. Ta ce ya gwada da mutum ɗaya, wanda ya fi sauƙi a cikinsu, ya ga ko sama za ta faɗo.

Ni ne mai sauƙin. Bayan kwana biyu ya zo ya ajiye mini 'yar takarda a kan buhun taki, yana kallon ƙasa, ya ce ga kalmar sirrin shafina, yana so mu mayar da rajistar sunana. Na san dalili, da kunnena na ji. Amma taubasantaka ta motsa, kuma in faɗi gaskiya har da ƙyashin biyan kuɗin da na saba wani ke biya. Na ɗaga murya yadda masu sayen iri za su ji, na ce me na yi wa gidan Kawu da za a dawo mini da ajiyata, ko an ji na yi sata ne. Mutane suka yi dariya. Na tura masa takardar a aljihu da hannuna. Shi ma ya yi dariyar yaƙe ya koma teburinsa. Bai sake gwadawa da kowa ba, kuma har gobe in na tuna ranar nan sai na ji haushin kaina.

Shirin ya ƙare. A kiran ƙarshe Hajiya ta yi masa addu'a, ta ce in ya manta duk abin da ta faɗa kada ya manta ɗaya: in abu zai lalace a hannunsa, ya faɗa wa mai shi tun da sauran gyara. Bayan nan takan kira shi lokaci-lokaci ta ji ya aiki, kuma ba ta taɓa kashe waya ba ta tambayi zancen adireshin nan ba. Sai ya fara barin wayar tana ƙara har ta katse.

Dala kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Abin da yake biya a da ba tare da ya ji a jikinsa ba ya ninka, ya sake ninkawa. Kumatun suka koma inda suka fito. Duk abin da sabon tsarin Hajiya ya kawo masa, tsohuwar al'adar gidansu ta kwashe.

A cikin ashirin da ukun nan akwai na makarantar Malam Ashiru ta Kabo, Islamiyya ce haɗe da boko. Malam Ashiru almajirin Kawu ne, a zauren gidan ya yi karatun littattafai shekara goma sha ɗaya, har yau ba ya zama a kan kujera in Kawu na wurin. Shafin makarantarsa shi ne aikin da Ƙasim ya fi ji da shi. Ana ɗaukar fom a ciki, yayyen yara da ke Kano da Abuja suna duba sakamakon ƙannensu. An rubuta adireshin da fenti a babban allon bakin titi, an buga shi a ƙasan katin sakamako na kowane yaro.

A daminar da ta biyo, sabuntawa uku suka faɗo masa a wata ɗaya, daidai lokacin da gonarsa ta Getso ke neman taki. Ya biya biyu, na 'yan kasuwar da kullum suke buɗe nasu. Na makarantar ya ce bari ya ɗan jira, tun da dogon hutu ya kusa, kuma kamfanin rajista yakan ba da wa'adi kafin ya saki suna ga wani. Ya yi lissafin wa'adin zai kai shi yankan gero. Da ya buɗe baki ya gaya mini, wallahi da na ba shi. Da ya je ya gaya wa Malam Ashiru, da a ranar za a haɗa kuɗin. Amma ta ina ɗan Malam Nata'ala zai fara cewa ajiya ta fi ƙarfinsa? Shafin ya ɗauke. Da magatakardan makarantar ya kira ya ce ba ya buɗewa, Ƙasim ya ce ana gyara ne. A iya sanina wannan ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi wa mai aiki, kuma ranar bai ci abincin rana ba.

Ya yanke gero, ya sayar da buhu biyu tun bai gama bushewa ba. Wata Talata da safe ya zo shago da kuɗinsa, ya kunna kwamfuta zai biya. Na ga ya daɗe yana kallon allo ba ya motsi. Na leƙa. Ya rubuta adireshin makarantar, shafi ya buɗe, amma ba nasa ba. Launuka ne ke walƙiya, ga ƙwallo, ga karta, ga wata mata da kayan da ba za a kira su kaya ba. Wa'adin ya wuce da fiye da kwana goma, wani a wata ƙasa ya saye sunan ya ɗora shafin caca. Ƙasim ya rufe kwamfutar a hankali, ya ce mini irin mutanen nan sana'arsu ke nan, suna jiran sunan da mutane suka saba buɗewa ya faɗi su ɗauke.

Ko a nan bai je Kabo ba. Ya rubuta wa sabon mai sunan wasiƙa yana roƙo, ya zauna jiran amsa. Na ce ya tashi mu tafi, ya ce in bari zuwa jibi. Amsa ba ta zo ba, Juma'a ta zo. An koma makaranta, lokacin ɗaukar sababbin yara ne. Wani uba daga Gammo ya sa ɗansa ya buɗe masa shafin don ya ɗauki fom, ya ga abin da ya gani. Bayan an idar da salla ya tare Malam Ashiru a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya ɗora masa wayar a fuska. Kafin la'asar hoton allon makarantar da hoton shafin suna yawo a wayoyin mutane gefe da gefe. A jihar da ake rufe shagunan caca, ga makarantar Alƙur'ani da tallar caca a adireshinta. Wasu suka ce makarantar ce ta sayar da sunanta saboda tsadar rayuwa. Wasu suka ce a kai wa Hisba. Ranar Asabar iyaye bakwai suka hana 'ya'yansu mata zuwa. Malam Ashiru kuwa bai kira Ƙasim ba, bai kuma ambaci sunansa ga kowa ba, ya bar mutane suna cin namansa shi kaɗai.

A safiyar Asabar ɗin nan, da hantsi, Ƙasim ya fito ƙofar shagona ya kira Hajiya Badi'a da kansa. Ya ba ta labarin duka, har ƙaryar. Na jira in ji ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba. Ta yi salati, sannan ta jero masa abin yi kamar mai ba da odar takarda. Ya yi sabon adireshi yau, da sunan Malam Ashiru da lambar wayarsa. Ya sayi fenti ya shafe na allon da hannunsa. Ya rubuta wa iyaye takarda ya faɗi wanda ya yi sakacin, ya sa hannu da cikakken sunansa. Ta ce kuma ya je da ƙafarsa, kada ya aika kowa. A ƙarshe ta tambaye shi ko mahaifinsa ya ji. Ya ce bai ji ba. Ta ce to daga can zai fara.

Na raka shi. Mun sami Kawu a zaure ya sallami masu ɗaukar karatu. Ƙasim ya durƙusa ya yi bayani. Kawu bai san intanet ba, sai da aka maimaita masa sau biyu, ni na taimaka da misalin rumfar kasuwa da in ba ka biya haya ba a ba wani. Bai nemi ganin hoton ba. Ya dubi ɗansa ya tambaye shi.

"Ashiru aiki ya ba ka, ko ajiya?"

"Aiki ne, Malam. Da na gama ya ce in ajiye."

"Da ya ce ka ajiye, me ya kira ka?"

"Ɗan Malam."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya juyo wajena ya ce, Ja'afar, motarka tana da mai? Na ce za a samu. Ya shiga gida ya sako babbar riga. Mutumin da ya kusa tamanin, wanda ciwon gwiwa ya hana shi zuwa ko ɗaurin aure a bayan gari, shi ne ya hau tsohuwar motar ɗaukar takina muka kama hanyar Kabo. Ƙasim na baya da gwangwanin fenti.

Malam Ashiru na ofis da malamansa suna shawarar abin yi. Da ya hango wanda ake saukowa da shi daga mota ya fito da gudu ba takalmi, ya zube, ya sa a kawo darduma. Kawu ya ƙi hawa. Ya cire takalmansa, ya dafa kafaɗata, ya sauka da ƙyar ya zauna a kan siminti, ƙasa da inda almajirinsa yake durƙushe. Malamai na tsaye, yara na leƙe ta taga.

"Ashiru, ka ba gidana ajiya, gidana ya tozarta ta. Ka rufa mana asiri kwana biyu mutane suna zaginka. Na zo ka yafe."

Malam Ashiru ya fashe da kuka kamar yaro, yana cewa ya yafe, don Allah Malam ya tashi. Kawu bai tashi ba sai da ya sa aka kira uban nan na Gammo da limamin masallacin, ya maimaita maganar a gabansu. Ni da nake tsokanar kowa, ranar na rasa inda zan sa idona. Ƙasim ya hau benci ya shafe adireshin da farin fenti, mutane na tsaye a titi suna kallo, fentin na zuba masa a riga.

Makarantar ta farfaɗo a hankali. Cikin yara bakwai biyar sun dawo. Katunan da aka riga aka raba kuwa ba yadda za a yi da su, suna nan a gidajen mutane da tsohon adireshin.

Mako biyu Ƙasim ya yi yana zagaye a kan aron babur, daga Gwarzo zuwa Lakwaya zuwa Kabo, yana mayar wa mutane takardun kalmar sirrinsu. Wasu sun karɓa sun gode. Mai kemis ya ce an wulaƙanta shi, har yau ba ya amsa gaisuwarsa sosai. Da aka gaya wa wasu abin da za su riƙa biya duk shekara, suka ce a bar shafin ya mutu, dama ba su san yana cin kuɗi ba. Kusan rabi haka suka tafi. Ni na karɓi tawa da hannu biyu. Yanzu duk aikin da zai yi, a wayar mai shi ake yin rajista, a gabansa, kafin a fara komai. Hajiya ta ce da haka ya fara tun farko da yanzu ya sayi sola tasa. Yana samun na abinci. Sai dai ya zama mai shiru, in na tsokane shi sai ya ɗago ya dube ni kamar daga nesa nake magana.

Kawu bai taɓa yi masa faɗa a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Ƙasim ya gaya mini da ya yi masa da ya fi sauƙi.

Bayan kamar wata guda, wata Laraba da safe, na je gaishe da Kawu na tarar Ƙasim na zaune a gefen zaure yana jiran a gama karatu ya karɓi saƙo. Sai ga wata dattijuwa daga Getso, Asta, mijinta ya rasu da azumi. Ta yi sallama daga bakin ƙofa, aka yi doguwar gaisuwa da ta'aziyya. Ta kwance bakin zaninta ta fito da takardu a leda, ta ce na gonar marayunta ne, 'yan'uwan mijin sun fara zagaye, ta kawo Malam ya ajiye har yaran su girma. Ƙaraminsu shekararsa huɗu.

Kawu bai miƙa hannu ba. Ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce ta je kotu a rubuta mata shaida, a ba ta kwafi, ya faɗa mata sunan wanda za ta nema a can. Ta zaci bai gane ba, ta sake turo ledar gabansa, ta ce ai uban mijinta ma nan yake kawowa.

"Na sani, Asta. Amma ajiyarki ta shekara goma sha biyar ce. Ni na tsufa, kuma ban san hannun da zan bar wa ba."

Bai dubi inda Ƙasim yake ba, kuma ba da faɗa ya faɗa ba. Matar ta ɗaure takardunta a bakin zani tana ta ba da haƙuri, ba ta san laifin da ta yi ba. Ƙasim ne ya tashi ya raka ta bakin titi, ya tsayar mata da mai babur, ya biya kuɗin.